Abin da Allo Bai Ɗauka Ba

Karatu: 1 Sama'ila 16:1-13

Wata Lahadi a ajin matasa, na miƙa alli na ce kowa ya rubuta abin da manya ke faɗi a kan samari da 'yan matan zamani. Nan da nan allo ya cika: rashin kunya, ƙyuya, barci, latsa waya. Na ce wanda wannan ne hotonsa ya miƙe. Ba wanda ya motsa. Wata yarinya ta ce, "Baba Fasto, ni nake ɗebo ruwan gidanmu tun da asuba, amma wannan ba a rubuta shi."

Mai karatu, ko daidai ne a auna mutum da sunan da aka laƙa wa jama'arsa? Za ka ce ai akwai gaskiya a ciki. Akwai, na san malalata. Amma suna irin wannan yakan hutar da mu daga duban mutum, shi ne haɗarinsa.

Ka tuna da Hausawan Sudan. Bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello ya ja jama'a gabas, suka kafa garin Mai Wurno a bakin kogi kusa da Sennar. Waɗansu kuma mahajjata ne da suka zauna noman auduga a Jazira. A can aka haifi jikokinsu, Larabci a bakinsu, duk da haka ana haɗa su a ce "Fallata", a ce baƙi ne. A 2022, da rikicin ƙasa da sarauta ya tashi a wajen Damazin, ɗaruruwan mutane suka mutu. Saurayin da ke jin ana kiransa baƙo a garin kakansa ya san nauyin suna. Me ya sa za mu ɗora wa namu 'ya'yan irinsa a cikin gida da ikkilisiya? Ni ma na yi haka a wa'azi, jama'a suka yi dariya, yara suka sunkuyar da kai.

Yesse ba mugun uba ba ne. Ya jera 'ya'ya bakwai, bai ga dalilin kiran autan ba, tunda yaro ne mai bin tumaki. Annabin ma tsayin Eliyab ya ruɗe shi, sai da Ubangiji ya tsawata masa a kan duban siffa. Sa'an nan Sama'ila ya hana kowa zama har sai da aka aika daji aka kawo Dawuda.