Ko Ya Kamata Mai-bi Shi Sauka A Gidan Giya?

A birnin London, cikin ƙasar Ingila, akwai waɗansu gidaje inda a ke sayad da giya a ƙasa, a bisa kuwa da ɗakunan kwana domin baƙi. Abincinsu ya kan sake bisa ga lokatan shekara, abin da gona ta bayar shi a ke dafawa. A kan soro kuma sun yi lambu, wurin shan iska da maraice. Dokar ƙasar ta hana a sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba giya, amma doka ba ta tsaron zuciyar babba.

To, idan tafiya ta kai mai-bin Yesu irin wannan gida, shi sauka ko shi wuce?

Masauki ba zunubi ba ne. Cikin Luka sura 10, Basamariye ya kai mai-rauni masauki, har ya biya dinari biyu domin jiyyarsa, Ubangiji kuwa ya yabi aikinsa. Abinci da lambu kuma baiwar Allah ne, a karɓe su da godiya.

Amma ka tuna da mutum biyu waɗanda suka hau soro. Sarki Dawuda ya hau da maraice, idonsa ya faɗa kan matar Uriya, ƙarshen abin zina da kisankai. Bitrus ya hau a Yafa domin addu'a, Allah ya nuna masa wahayi. Soro bai yi kome ba. Zuciyar da kowa ya hau da ita, ita ta raba su.

Saboda haka ka auna kanka kafin ka taka ƙofa. In da kai mashayi ne, warin giya kuwa yana ta da maka tsohon marmari, ka nemi wani masauki, ko da ya fi nisa, ko da ya fi tsada. In kuwa giya ba ta dame ka ba, ka dubi ɗan'uwanka sabon tuba, wanda ya bar sha da ƙyar. In ya gan ka ciki ya koma, Bulus ya koya wa Korintiyawa cewa alhakinsa yana wuyanka.

In ba makawa sai ka sauka, ka ci abincinka da godiya, ka biya hakkin mai-gida, ka yi addu'arka, ka kwana da hankalinka. Allah shi tsare mu daga jaraba. Amin.