Ƙwayar Zarra Tsakanin Girkawa da Malaman Tauhidi

Nazariyyar ƙwayar zarra ta samo asali ne daga tambaya guda: idan aka yi ta raba abu gida biyu, akwai inda rabon zai tsaya? A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, Dimokuradis, mutumin Abdera a ƙasar Girka, ya bi malaminsa Lusifus ya ce akwai. A wurinsa duniya ba komai ba ce face ƙwayoyi marasa rabuwa da sararin da suke yawo a ciki. Abikur ya riƙi ra'ayin don raba mutane da tsoron alloli da na mutuwa, tunda a ganinsa rai ma ƙwayoyi ne da za su watse. Aristo ya ƙi, ya ce rabuwar jiki ba ta da iyaka, kuma maganarsa ce ta rinjaya ƙarnoni masu yawa.

Abin mamaki shi ne inda ra'ayin ya sake tsira. A Basra, a ƙarni na 9, Abul Huzail na Mu'utazilawa ya koyar da shi, sannan Ash'ariyyawa, musamman Baƙillani wanda ya rasu a 1013, suka mai da shi ginshiƙin hujja. Suka ce kowane jiki haɗuwar jauharai ne marasa rabuwa, kuma siffofin da ke hawa kansu, irin su motsi da launi da zafi, ba sa wanzuwa lokaci biyu a jere. Ke nan Allah ne ke sabunta halitta a kowane lokaci. A kan wannan tafarki Gazali ya ce ba wuta ke ƙona auduga ba. Allah ne ke halittar ƙuna yayin haɗuwarsu. Makamin da Abikur ya kori tsoron alloli da shi, shi malaman tauhidi suka kafa hujjar Mahalicci da shi. Ɗalibin da ya karanta Ummul Barahin ta Sanusi a zaure ya gamu da reshen wannan bahasi a batun jirmi da arali, wato jiki da siffofin da ke hawa kansa.

Ba duka suka yarda ba. Ibn Sina ya ce idan aka sa ƙwaya tsakanin ƙwayoyi biyu, gefen da ke taɓa ta dama ba shi ke taɓa ta hagu ba; abin da ke da gefe biyu kuwa yana rabuwa. Hujja ce mai wuyar turewa.

Kimiyya ta shigo ta ƙofar awo. A 1808 John Dalton na Ingila ya bayyana cewa kowane sinadari yana da ƙwaya mai nauyinta, shi ya sa suke haɗuwa bisa ƙayyadadden kaso. Sai dai ƙwayar tasa ba ta zama ƙarshen rabo ba: Thomson ya gano ilaktaron a 1897, Rutherford ya gano cibiyar ƙwayar a 1911, aka kuma fasa cibiyar yuraniyom a Jamus a 1938. Yau tambayar Dimokuradis ta koma kan ilaktaron da kwak, waɗanda gwaji bai nuna suna da ɓangarori ba.