Wa Zai Riƙe Guduma Kafin Wuya Ya Warke?

A unguwannin Kano da Kaduna akwai shagunan walda da na kafinta da gida guda ke ci daga cikinsu: uba ne mai shago, ƙannensa da 'ya'yansa su ne ma'aikata, cefanen yau kuma daga ƙofar ƙarfen da aka haɗa jiya yake fitowa. Ranar da likita ya ce sai an yi wa mai irin wannan shago tiyata a wuya, tsoron wuƙa bai kai masa tsoron rufe shago ba.

Ƙasusuwa 7 ne a wuyan mutum, tsakaninsu akwai faya-fayan guringuntsi, laka kuma ta ratsa ta cikinsu. Idan faifai ya goce ya danne jijiya, hannu ya fara sagewa, guduma ta riƙa suɓucewa. Aikin da aka fi yi, wanda likitocin Amurka irin su Smith da Robinson da Cloward suka fito da shi a shekarun 1950, shi ne a shiga ta gaban wuya, a cire faifan, a cike gurbin, sau da yawa a ɗaure da ɗan ƙarfe. Tabon kan warke cikin 'yan makonni. Haɗewar ƙasusuwan biyu kuwa takan ci watanni, shi ya sa ake hana ɗaga kaya masu nauyi, ake kuma hana taba domin tana jinkirta haɗewar ƙashi.

Nan rikicin yake. Mutum ya dawo gida, an cire zare, masu dubiya sun rage zuwa, ga wanda ya ba da kafin alƙalami yana sallama a ƙofa. Sai maigida ya miƙe ya ce, "Ai Allah ke tsarewa." Yana ganin tawakkali yake yi, yana kuma ganin kwanciya alhali iyali na jira kasawa ce a gaban Ubangiji.

Niyyarsa mai kyau ce, amma shari'a ba ta tare da shi. Duk wanda ya yi karatun Ahlari a zaure ya san mawallafin littafin ya jero halaye 7 na yin sallar farilla, daga tsayuwa ba jingina har zuwa kwanciya rigingine. Tushen wannan shi ne amsar da Annabi (SAW) ya ba Imrana ɗan Husaini, wanda basir ya dame shi, inda ya halatta masa zama, ya halatta masa kwanciya a gefe in zaman ya gagara. Shi kansa Annabi, da ya faɗo daga kan doki ya ji rauni, a zaune ya yi salla. Idan sallar da ita ce ginshiƙin addini ta yi wa mara lafiya wannan sassauci, da wace hujja ƙofar wani attajiri za ta hana shi hutu? Buhari ya kuma ruwaito daga Abu Musa cewa ana rubuta wa majinyaci ladan abin da ya saba yi yana da lafiya.

Abin da ya fi ciwon wuyan zafi ga maza da yawa shi ne su ga wani ya tsaya a gurbinsu. Wanda ya shekara da shekaru ba a yanka ƙarfe sai ya auna, yanzu ɗansa ne ke faɗin farashi, har ma ya yi kuskure. Wannan zafi na gaske ne, bai kamata a raina shi ba. Sai dai a rashin lafiyarsa ta ƙarshe Annabi ya umarci Abubakar ya ja mutane salla, ya kuma nanata umarnin da aka yi ƙoƙarin kawo uzuri. Wakilci sunna ne, kuma shagon da zai mutu don mutum ɗaya ya kwanta wata uku, dama akwai gyara a tsarinsa.

Ba a ce maigida ya zama baƙo a shagonsa ba. Idan likita ya yarda, yana iya zama a kujera mai majingini ya duba awo, ya riƙe littafin bashi, ya yi ciniki da masu sayar da rodi na Ƙofar Ruwa ta waya, ya nuna wa yaro inda walda ba ta ci ba. Abin da zai bari shi ne ɗaga ƙofa, riƙe injin gurza ƙarfe mai girgiza hannu, walda a sama yana ɗage kai, da hawa babur a hanya mai ramuka.

Nauyin kuma ba a kansa kaɗai yake ba. 'Ya'ya da ƙanne su riƙa kawo masa lissafi kowace yamma ba sai ya tambaya ba, domin yawanci zargi ne ke tayar da majinyaci daga shimfiɗa kafin lokaci. Masu bin sa aiki ko kuɗi su ma aya ta 280 a Suratul Baƙara da su take magana, inda ta yi umarni a saurara wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi. Wanda ya ba da aikin taga ya ji an yi wa mai shago tiyata, ya kamata ya ƙara masa wa'adi da bakinsa tun kafin a roƙe shi.