Allura da Bahon Wanki a Hannun Maigida

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, lissafin kuɗin gyaran rufin masallaci sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Yau maganar cikin gida ce. Malam Liman ya duba ta kafin a buga, ya gyara min inda na yi tuntuɓe. Kuskuren da ya rage nawa ne.

Da kaina zan fara, don kada a ce in da kura na maganin zawo da ta yi wa kanta. A daminar bara maiɗakina ta haihu, kuma sai da aka yi mata tiyata aka ciro yaron. Da a gida ne, da mahaifiyarta ta ɗauke ta wankan jego, ko a turo wata gwaggo ta zauna da ita har arba'in. To nan Ibadan ne. Surukata ba ta da lafiyar da za ta yi doguwar tafiya a mota, ƙannen matar kuma suna makaranta. Ranar da aka sallame mu, likita ya ce kada ta ɗaga abu mai nauyi, kada ta yawaita sunkuyo. Da kunnena na ji.

Kullum da asuba zan ga tulin wanki a bayan ƙofa yana ƙaruwa, in tsallake shi in tafi Bodija. Ba a cika mako biyu ba, wata rana na dawo gida da azahar ɗaukar wani rasiti, sai na tarar da ita a bayan gida ta sunkuya kan baho, hannu ɗaya na cuɗa kaftanina, ɗaya na dafe da cikinta. Wata dattijuwa Bayarabiya da muke haya tare tana tsaye da bokiti, ta zo taya ta. Ta dube ni, da 'yar Hausarta ta ce, "Malam, hannunka ciwo yake yi?" Ban iya ce mata komai ba. Daren nan ɗinkin ya fara ruwa. Muka koma asibiti, muka yi kwana shida, kuɗin da ya tafi ya fi ribar da nake samu a wata. Allah ya tashi kafaɗarta, amma da abin ya zo da ƙarar kwana, ban san da wane baki zan yi wa iyayenta bayani ba.

Ba rashin iya wanki ne ya hana ni ba. Shekara shida na yi a makarantar kwana ina wanke yunifom ɗina. Shekara bakwai na yi gwauro a garin nan, ni ke wankina, ni ke gugata da dutsen gawayi. Abin da ya hana ni ɗaya ne: gidan haya ne, igiyar shanya a tsakar gida take, kuma akwai maza 'yan'uwanmu a sauran ɗakunan. Na ji tsoron a gan ni ina shanya zanen goyo a ce na zama mijin ta ce. Wato na auna lafiyar matata da dariyar maƙwabta, dariyar ta rinjaya. Astagfirullah.

Yanzu mu dubi gidan da ya fi kowane gida. Imam Buhari ya ruwaito cewa Aswad ɗan Yazidu ya tambayi Nana A'isha (RA) abin da Manzon Allah (SAW) yake yi idan yana gida. Ta ba shi amsa cewa hidimar iyalinsa yake yi, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. A wata ruwayar da ke wajen Imam Ahmad ta fayyace irin hidimar: yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa. A wata kuma ta ambaci cewa yana tatsar akuyarsa, yana yi wa kansa hidima. Ku tuna wane ne ake magana a kansa. Shi ne limami, shi ne alƙali, shi ne jagoran rundunar yaƙi, wahayi na sauka gare shi, kuma a ƙofarsa akwai sahabban da suke rige-rigen yi masa hidima. Da ya ɗaga yatsa da mutum goma sun karɓi allurar. Amma ya riƙe ta da hannunsa mai albarka. Shi ne kuma ya sanar da mu, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito, cewa ma'aunin alherin mutum yana ga yadda yake da iyalinsa, kuma shi ya fi kowa kyautata wa nasa iyalin.

Muna son sunna, alhamdu lillahi. Mun tsayar da gemu, muna riƙe asuwaki, muna sa farar riga da turare ranar Juma'a. Duk daidai ne. Sai dai waɗannan sunnonin a bainar jama'a ake yin su, kuma ƙara wa mutum kwarjini suke yi. Sunnar allura da baho a bayan ƙofa take, ba mai yaba maka, wataƙila ma a yi maka dariya. Ni dai ina zargin shi ya sa muka bar ta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, mu Hausawa ba mu da hujjar cewa ɗinki ko wanki aikin mata ne. Su wa ke ɗinkin babbar riga da aikin wuyanta a Zariya da Kano? Maza. Su wa ke rini a Ƙofar Mata, su wa ke bugu? Maza. Wanda ya yi karatun allo a cikinmu ya san ranar Alhamis ranar wanki ce, kowa ya tattara 'yan tsummokaransa a nufi rafi ko kududdufi. A nan kudu kuwa, ku dubi samarinmu da ke yawo da keken ɗinki a kafaɗa suna kaɗa almakashi layi-layi, waɗanda Yarabawa ke kira "ejika ni shop", wato kafaɗa ce shago. Za su zauna a ƙofar gidan wanda ba su sani ba, su ɗinke zanen matarsa da ya yage, su karɓi kuɗinsu, ba wanda ya ce sun zubar da girma. Haka masu wanki da guga. Sana'a ce ta halal, Allah ya yi mata albarka. To yaya aikin da ake yi wa bare don naira ya zama abin kunya idan za a yi wa uwar 'ya'ya don Allah? Na san tela a unguwar nan da ɗansa ke zuwa Islamiyya da wando a farke. Ba zan faɗi suna ba, ya san kansa, kuma abokina ne.

Wani zai ce, ai shari'a ta ɗora wa mace aikin gida. Na kai wa Malam Liman wannan maganar. Ya ce malamai sun yi saɓani a kanta. A mazhabarmu ta Malikiyya, kamar yadda yake a Muhtasar na Shehu Halil, mace tana yin hidimar cikin gida irin su kwaɓa gari da shara da shimfiɗa, idan ba ta cikin matan da aka saba yi musu hidima ko mijin ba shi da hali. Idan kuwa tana cikinsu kuma yana da hali, shi zai nemo mai yi. Saƙa da kaɗi ba a wajabta mata ba. Malaman Shafi'iyya ma sun tafi a kan cewa hidimar ba wajibi ba ce a kanta, kyautatawa ce. Sannan ya ƙara da cewa duk wannan maganar mace mai lafiya ake yi. Babu malamin da ya ce mai jego da ɗanyen ɗinki, ko mai tsohon ciki, ko wadda zazzaɓi ya kwantar, ta tashi ta ja guga a rijiya. Allah ya umarce mu a Suratun Nisa'i, aya ta 19, da mu zauna da su da kyautatawa, kuma kyautatawa a garin da mace ba ta da uwa ba ta da ƙanwa ba iri ɗaya ba ce da ta gidan gandu mai mata goma. A can hannaye sun yi yawa. A nan hannu huɗu ne kawai a ɗakin, biyu naka ne.

Akwai kuma wani ɓangaren da ya shafi sallarmu kai tsaye. Tsarkin tufa daga najasa yana cikin abin da ake nema ga mai salla, kuma tun a Suratul Muddassir, aya ta 4, aka umarci Annabi (SAW) da tsarkake tufafinsa. Wanda ya karanta Ishmawi ko Ahalari ya san ruwan da wani abu mai tsarki ya canza masa launi ko ɗanɗano ko ƙanshi, ana amfani da shi a al'ada amma ba ya tsarkakewa. Ruwan omo yana cikin wannan. Saboda haka idan fitsarin yaro ya taɓa rigarka, ba a tsunduma ta cikin kumfa a matse a shanya a ce ta tsarkaka. Ka fara wanke wurin najasar da zallan ruwa, sannan ka sa sabulu, sannan ka ɗauraye har ruwan ya fita garau. Maza nawa ne a cikinmu suka san yadda aka wanke rigar da suke tsaye da ita a sahu? Mun miƙa wa yarinya 'yar shekara tara ko mai wankin da ba mu taɓa tambayarsa ba, mun ce Allahu Akbar.

Na san uzurin lokaci gaskiya ne. Mai sauke tumatir a Shasha tun kafin asuba yake fita, mai tura baro ya dawo jikinsa duk ya mutu. Ba cewa ake ka bar neman abinci ba, ciyarwa ita ce wajibinka na farko. Amma sa maɓalli minti biyar ne. Wanke singileti da gajeren wandonka lokacin da kake wanka bai kai minti goma ba. Jawo ruwa ka cika duro kafin ka fita, kwashe shanya idan hadari ya taso (kun san ruwan garin nan ba ya sallama), riƙe jariri ta samu ta yi salla a natse, babu wanda zai rufe maka shago. Muna samun awa biyu na hira a teburin mai shayi.

Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu mata, ku ma da naku. Wata idan mijinta ya ɗauki baho ita ce za ta fizge, wai kada a ce ta mallake shi. Wata uwar idan ta ji ɗanta ya wanke wa matarsa kaya sai ta bugo waya daga gida ta ce an yi masa asiri. Ku ji tsoron Allah, kada ku hana mutum ladansa. Kuma ku daina korar yara maza daga wajen wanki kuna cewa ba aikinsu ba ne. Yaron nan gobe shi zai tafi Legas ko Fatakwal neman kuɗi, ya kwana a shago, ba uwa ba ƙanwa. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Anas ɗan Malik ya ga Sayyidina Umar (RA), yana shugaban Musulmi, da faci uku a rigarsa tsakanin kafaɗunsa. Namu yaran kuwa aljihu na hujewa sai a jefar da rigar a ce a sayo sabuwa, a wannan tsadar yadin.

Kwamitin masallaci ya amince da wani ɗan shiri. Daga ranar Lahadi mai zuwa, bayan sallar la'asar, ɗaya daga cikin dattawanmu teloli zai riƙa zama a barandar masallaci yana koya wa maza da samari ɗinkin hannu: zura zare a allura, sa maɓalli, kalmasa, faci, da zura zariyar wando. Kyauta ne, ya ce sadaka ce ga iyayensa, Allah ya kai musu ladan. Bayan magariba kuma Malam Liman zai ɗauki babin tsarkin tufa, mako uku a jere. Kowa ya zo da allurarsa da zare fari da baƙi, da riga ɗaya mai buƙatar gyara. Mai ɗa namiji da ya kai shekara goma ya riƙo hannunsa. Ni na riga na rubuta sunana, takardar tana wajen ladan ga mai son ƙarawa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sauki masu ciki lafiya, ya jiƙan magabatanmu. Wassalamu alaikum.

Sakataren Masallaci