Injiniya da Gaibu: Shin Kwamfuta Tana Hango Gobe?

A manhajar Simulink ta kamfanin MathWorks, injiniya yakan jera ƴan akwatuna a allon kwamfuta, ya haɗa su da kibiyoyi: wannan injin mota, wancan birki, ga kuma na'urar auna gudu. Ya danna maɓalli, sai layi ya fito yana lanƙwasa, yana nuna yadda motar za ta yi tun ba a ƙera ta ba.

To, wannan leƙen gaibu ne? Ko kusa. Akwatin ba ya sanin komai sai lissafin da aka ɗura masa. Hasashe ne irin na manomin da ya ga hadari ya haɗo daga gabas, kuma riƙo da sababi bai taɓa cin karo da tawakkali ba.

Abin tsoron shi ne abin da aka manta ba a saka ba. Ranar 4 ga Yuni 1996, rokar Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta daga filin harba rokoki na Kourou. Manhajar na'urar da ke auna alƙiblarta gadon tsohuwar rokar Ariane 4 ce, sai wata lamba ta fi ƙarfin ma'ajinta. Kwamitin bincike ya gano ba a gwada na'urar da bayanan tafiyar sabuwar rokar ba.