Idon Wa Mai Bincike Yake Nema?

Hausawa na cewa ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. A sha'anin lafiya ina shakkar wannan magana. A watan Agustan 2014, bayan da Ebola ta shigo Legas, wani saƙo ya karaɗe wayoyin 'yan Nijeriya cewa wanka da ruwan gishiri da shansa na kare mutum daga cutar. Jama'a suka tashi da asuba suna dafa ruwa. Aƙalla mutum biyu suka rasu, wasu da dama suka kwanta asibiti. Wancan saƙon rubutu ne kawai. Yau ƙarya tana zuwa a bidiyo, da fuska da murya, wani lokaci har da farar rigar likita.

Masana ba su yi barci ba. Tun a 2007 mujallar JAMA ta Amurka ta buga nazarin bidiyo 153 na YouTube kan allurar rigakafi: kusan kashi ɗaya cikin uku suna kushe ta, kuma su masu kallo suka fi yabawa. A 2020 wani nazari a mujallar BMJ Global Health ya duba bidiyon Ingilishi 69 cikin waɗanda aka fi kallo kan korona, ya tarar 19 na ɗauke da bayanan da ba gaskiya ba, an kuma kalle su fiye da sau miliyan 62.

To, shi kansa binciken da me ake auna shi? Kamfanin Altmetric, wanda aka kafa a Landan a 2011, yana ƙirga sau nawa aka ambaci maƙala a jaridu, da Wikipedia, da shafukan sada zumunta, ya ba ta maki, mujallu kuma su liƙa makin a gefenta. Nan ne hankalina bai kwanta ba. Mudun da ya ɗaukaka mai tallan ƙarya, wato yawan idon da ya juyo gare shi, shi aka ɗauko ana auna wanda ya tona asirinsa. Wannan mudu bai san yabo ba, bai san zagi ba. Maƙalar Andrew Wakefield ta 1998, wadda ta danganta rigakafin ƙyanda da larurar galahanga, mujallar Lancet ta janye ta a 2010, amma ambatonta bai yanke ba, kuma duk ambato ƙirge ne. Masanin da ya saba da leƙa makinsa, sannu a hankali zai koyi abin da mai bidiyo ya koya tuntuni: a ƙara gishiri a kanun magana, a rage "wataƙila". Alhali "wataƙila" ita ce rabin amanar ilimi.

Duk da haka ba zan yabi wanda ya rufe ƙofa ya ce shi ba ruwansa da jama'a ba. Wannan girman kai ne da ya ari rigar tawali'u. Wanda ya gano guba a rijiya, ya rubuta a takarda ya ajiye a aljihu, yana da alhakin waɗanda suka sha. Neman a saurare ka wajibi ne a nan. Abin dubawa shi ne wa kake so ya saurara.

Kano ta taɓa amsa wannan. A 2003 aka dakatar da rigakafin shan inna bisa zargin an gurɓata shi, kuma zargin bai faɗo daga sama ba: mutane ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi kan yara a annobar sanƙarau ta 1996 ba, inda yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a. Da aka dawo da rigakafin a 2004, ba yawan ambaton wata maƙala ne ya jawo hakan ba. An sake gwada maganin, an samo shi daga Indonesiya, daga baya sarakuna da malamai suka shiga gaba, har iyaye suka buɗe ƙofa. Mutum na karɓar gyara ne daga bakin wanda ya yarda da shi, cikin harshen da yake tunani da shi.

Galibin waɗannan nazarce-nazarce bidiyon Ingilishi suke ƙirgawa, da Ingilishi ake buga su, masana da 'yan jarida ne ke yaɗa su a tsakaninsu. A 2021 YouTube ya haramta ƙarya kan alluran rigakafin da hukumomi suka amince da su, kuma hakan ci gaba ne. Amma uwar da ke zaune a tsakar gida, yaronta na fama da zazzaɓi, tana kallon wani a TikTok yana rantsuwa da Hausa cewa garinsa na warkar da ciwo goma sha biyu, ba ta cikin bidiyo 69 ɗin nan, ba ta kuma cikin waɗanda makin Altmetric ya ƙirga. Mai garin maganin ne kaɗai ya yi tunanin ta, har ya rubuta mata lambar wayarsa a ƙasan bidiyon.