Jinin Wa Ke Jikinka?

 

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wani aure da aka fasa a unguwarmu bayan Sallar Layya. Yaron kowa ya san shi, tela ne, ba a rasa shi a sahun asuba, yarinyar kuma ta sauke Alƙur'ani. An kai goron tambaya, an karɓa, sai wani baffanta ya dawo daga tafiya ya ce a mayar, wai an bincika an gano kakar kakan yaron sayo ta aka yi a kasuwar Salaga, su kuwa jininsu bai taɓa gauraya ba. Ba a ce ya yi sata ba, ba a ce yana shan giya ba. Jini kawai aka ce. To, tun ranar nake tambayar kaina, shi wannan jini da muke taƙama da shi, ta yaya yake bi daga kaka zuwa jika, kuma nawa ne yake isowa?

Masana ilimin gado sun fi shekara 100 suna bin wannan tambaya. A cikin ƙwayoyin jikin mutum akwai wasu zarurruka guda 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba, kuma a jikinsu aka rubuta kama da launi da sauran abin da ake gado. Sai ka zaci idan mutum zai haihu, zaren uwarsa ko na ubansa yake ɗauka ɗungurungum ya miƙa wa ɗansa. Ba haka ba ne. Ka ɗauka carbi biyu ne a hannunka, ɗaya na mahaifiyarka, ɗaya na mahaifinka. Kafin a samu ƙwan mace ko maniyyin namiji, sai a jera su gefe da gefe, a tsinka su daidai wuri ɗaya, a ɗaura kan wannan da gindin wancan. Carbin da ɗanka zai karɓa sabo ne fil, ba wanda ya taɓa jan sa. Thomas Morgan ne ya bayyana wannan musaya a 1911 yana binciken ƙananan ƙudaje, sannan a 1931 wasu mata biyu, Harriet Creighton da Barbara McClintock, suka tabbatar da ita a jikin masara. A ɗan Adam ana yin wannan tsinkawa da ɗaurawa wajen sau 40 a kowane ƙwai, a maniyyi kuwa ƙasa da sau 30.

Ba kuma ko'ina ake tsinkawar ba. A 2010 rukunin masana uku, cikinsu har da Molly Przeworski wadda daga baya ta koma Jami'ar Kolambiya a Amurka, suka nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna PRDM9 ce take sa alama a wuraren da za a yanka. Abin mamaki, idan aka yanka wuri sai a gyara shi da kwafin ɗaya zaren, don haka sannu a hankali alamar da take ganewa sai ta goge, ita ma dole ta sake kama ta nemi sababbin wurare. Shi ya sa tana cikin ƙwayoyin gadon da suka fi saurin canzawa. A 2011 an binciki Baƙaƙen Amurka kimanin 30,000, aka samu wurare wajen 2,500 da ake yanka a jikin masu asali da Afirka ta Yamma, waɗanda da ƙyar ake taɓa su a jikin Turawa. Ka ga ke nan har almakashin ma ba iri ɗaya ba ne tsakanin mutane, amma bai hana su aure da haihuwa lafiya ba.

Ga wurin da ya fi tsaya mini a rai. Wannan gauraya ba kuskure ba ce da ake haƙuri da ita. Ɗaurin nan shi ne yake riƙe zarurruka biyun har a raba su daidai, kuma idan ba a yi shi ba, sau da yawa rabon yakan karkace, a samu ɓari ko ɗa mai lalura. Wato Allah cikin hikimarsa ya sanya cakuɗawa a ƙofar haihuwa. Mai cewa jininsa bai taɓa gauraya ba, ta ina ya shigo duniya?

Yanzu mu yi lissafi. Iyaye 2, kakanni 4, iyayensu 8, kakannin kakanni 16. Ita wannan baiwar Allah ta Salaga ɗaya ce cikin 16, rabonta a jikin yaron bai wuce wajen kashi 6 cikin 100 ba. Idan ka koma baya hawa 10, wuraren kakanninka 1,024 ne, amma guntayen zaren da suka iso gare ka ba su kai wannan adadi ba, saboda haka ɗaruruwa cikinsu ba ka gaji komai daga jikinsu ba. Mai yiwuwa sarkin ko malamin da ake yi maka kirari da shi yana cikin waɗannan. Zaren da ke bin layin wane ɗan wane kusan ba canji, wato kuromosom Y, bai wuce kashi 2 cikin 100 na gadon ba, kuma mace ba ta da shi sam. Yarinyar da aka hana aure don kare jinin gidansu ba ta ɗauke da shi.

Amma kada a fahimce ni baibai. Ba cewa nake yi a yafe wa yaron don tabon kaɗan ne ba. Ko da jinin matar nan ne ya cika jikinsa, ina tabon yake? Kama ta aka yi, aka ɗaure, aka sayar. In akwai abin kunya, yana wuyan wanda ya karɓi kuɗin.

Wani zai ce, Malam, ai Musulunci ya kiyaye nasaba. Gaskiya ne, kuma ba wani madubin likita da zai rushe ta. Da nasaba ake raba gado, da ita ake sanin muharrami, da ita ake sanin wanda haƙƙin zumunci ya hau kansa. Sai dai duk waɗannan haƙƙoƙi ne da nauyi, ba awon darajar jini ba. A mazhabar Imam Malik da muke karantawa a makarantunmu, dacewar ma'aurata addini ake dubawa da kuɓuta daga aibobin da ke hana zaman aure, ba ƙabila ba. Manzon Allah (SAW) da kansa ya shawarci Fatima bint Ƙais, Baƙuraishiya, ta auri Usama ɗan Zaidu, wanda iyayensa duka 'yantattu ne. Sannan mu a zango, da wa za mu yi wa wannan fariya? Fataken goro da suka sauka Salaga da Kumasi ba duka suka zo da mata ba. Hausa da Wangara da Moshi da Dagomba da Zabarma da Kotokoli, tukunya ɗaya ta dafa mu.

Akwai dai wurin da jini yake da magana ta gaske, kuma nan ne muke yin shiru. Idan saurayi da budurwa duka AS ne, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da ciwon sikila. A Ghana kimanin jarirai 2 cikin 100 da shi ake haihuwar su, kuma tun 1995 aka fara gwada jarirai a Kumasi. Na tambayi wanda ya kai goron nan ko an yi zancen gwaji a zaman. Ya ce an shafe awa biyu ana tone-tonen kakanni, ba wanda ya ambace shi. Goron yana nan a shagon telan, cikin ganyensa, ya fara bushewa.